Wace Ce Bibi Lutek?

Asama'u na tankaɗe a tsakar gida sai ga Gwaggo Uwa ta faɗo ko sallama babu, daga fataucin goro a Dahomi.

"Barira! Ce wa ɗiyarki ta hidda Bunyaminu daga ranta. Yana da mata a Kandi, can Dahomi!"

Inna Barira ta dafe ƙirji. Bunyaminu ne aka sa wa rana da Asama'u, yana karatun tattalin arziki a sabuwar jami'ar Zariya.

Gwaggo ta ci gaba: "Da kunnena na ji shi a tasha yana tambayar gidan Bibi Lutek. An ce nan yake yini, ya hito ido ja wur!"

"Inna, furojet ɗinsa yake yi, binciken makaranta," Asama'u ta ce, hawaye na ɗiga cikin gari. "Na san shi."

Mahaifinta Malam Audi ya leƙo daga zaure. "Mi kika sani? A maida musu kayansu!"

Asama'u ba ta yi musu ba, amma ta daina cin abinci. Inna ta kasa jurewa. Ta roƙi Malam ya dakata, ta hau motar 'yan kifi daga Bagudo ta tsallake iyaka, tana ta shirya zagin da za ta yi wa karuwar.

Gidan da aka nuna mata a Kandi ya ba ta mamaki: ba shanya, ba hayaƙin murhu. Ta ɗaure ɗamara ta kutsa.

"Ina take?"

Bunyaminu ya zabura daga bayan tulin littattafai ya durƙusa. "Inna! Lahiya? Wa kike nema?"

"Bibi Lutek, marar kunya!"

Ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"Ai cikinta kike, Inna. Bibliyotek, haka Faransawa ke kiran laburare. Na Zariya cike yake da labarin cinikin Ingila da Ikko, amma kifi da goron da ke ƙetare iyakarmu ko shafi babu. Mai kula da laburaren Zariya ya ce in gwada nan. Tafinta na karanta min, ina rubutawa."

Inna ta dubi kantocin littattafai har rufi. Ta zauna daɓas, dariya da kuka a haɗe.

"Alhamdulillahi! To ita wagga ba ta ba ka abinci? Dubi wuyanka!"

Da ta koma gida, Malam Audi ya saurara, ya sosa gemu, ya ce a bar kaya inda suke. Asama'u ta cinye tuwo har da ƙari. Ranar biki 'yan mata suka yi ta tambayar Gwaggo Uwa ko Bibi ta aiko da gudunmawa.

Iyaye 'yan'uwana, yaranmu sun shiga karatun da ba mu san sunayensa ba. In kun ji kalma baƙuwa, ku tambayi yaron kafin ku raba shi da wadda ta yi haƙuri dominsa.