Talabijin Ɗin Da Ya Ƙi Hawa Bene

Ranar da Zunaira ta shiga shagon kayan lantarki a Hall Road ta Lahore, guntun zare ne a hannunta. Ta miƙar da shi a kan tebur.

"Iyakar filin bangonmu ke nan, tsakanin taga da kabad. Talabijin nake nema wa Abbu, mahaifina, kada ya wuce zaren nan, kada kuma ya wuce rupi dubu ashirin."

Sarmad, ma'aikacin shagon, ya dubi zaren, ya dube ta.

"Wancan mai ƙyallin kada ki taɓa shi, 'yar'uwa, wata shida zai mutu. Ga inci ashirin da huɗu, a bango ake kafe shi."

Shi da kansa ya je ya kafa. Abbu, tsohon tela da ciwon gwiwa ya zaunar, ya tsare shi da shayi da hirar wasan kurket. Daga ranar saƙonnin waya suka fara tsakanin Sarmad da Zunaira.

"Malama mai zare, talabijin yana aiki?"

"Yana aiki. Karo na biyar ke nan kana tambaya."

"To, mai talabijin ɗin fa?"

"Tana yanka albasa. Kada ka sa ta yanke hannu."

Da Sarmad ya kai maganar auren Zunaira gida, mahaifiyarsa ta ture kwanon fulawa gefe.

"'Yar tela? Da me za ta shigo mana, allura? Ga Rubab 'yar ƙanena, ubanta na da shagon yadi biyu a kasuwar Anarkali."

"Ammi, ba shago zan aura ba."

Bayan sati biyu uban Rubab ya zo shagon ya sayi talabijin inci sittin da biyar, na kayan ɗakin 'yarsa. Mai shagon ya sa Sarmad ya kai musu gida. Wata maƙwabciya ta gan shi, kafin la'asar labari ya iske Zunaira. Ta rubuta masa:

"Na ji ka zaɓo wa amaryarka babba. Allah ya sa alheri. Mu ɗakinmu ba ya ɗaukar irinka."

"Zunu, dako na yi, wallahi. Ko ruwan gidan ban sha ba. In ba ke ba, na haƙura da aure."

Kwana tara ba ta amsa ba. Shi kuma ya daina cin abincin gida, har uwar ta gaji ta sauko. Amma da ta je neman auren, sai ta dubi ƙaramin talabijin ɗin bango ta yi dariya, ta juya ga Abbu.

"Mu ba mu cika son kaya ba, ɗan'uwa. Talabijin kawai, irin na Rubab. Kada dangi su ce ɗana ya yi auren asara."

Sarmad ya rantse ba za a saya ba. Abbu ya ce masa ya kwantar da hankalinsa. Washegari ya ɗauki awarwaron zinare huɗu da mahaifiyar Zunaira ta bar mata kafin ta rasu, ya kai wa maƙeri, ya sayo talabijin ɗin a wani shago don kada surukinsa ya sani.

"Abbu, kayan Ammina fa?" Zunaira ta tambaya, tana riƙe da akwatin da ba komai a ciki.

"Gara ki shiga gidan ba zinare, 'yata, da ki shiga da gori."

Ɗakin ango yana can saman bene, taku goma ne faɗinsa. Ƙarti uku suka juya talabijin ɗin ta kowace fuska, ya ƙi wuce kwanar matakala.

"Ku bar shi a falona," in ji uwar Sarmad. Ashe tun jiya an buga ƙusoshinsa a can.

Sarmad ya shafe bangon ɗakinsu da farar ƙasa, ya sayo ƙaramin majigi na hannu, bai fi bulon sabulu ba, ya ɗora shi kan kantar ɗakin. Sai an rataya bargo a taga hoton yake fitowa.

"Iya ƙarfina ke nan, Zunu. Awarwaron kuma zan dawo miki da su."

"An narkar da su, Sarmad. Na je na tambaya."

Ya zauna a bakin gado, ya rufe fuska. Ta daɗe a tsaye kafin ta zo ta zauna kusa da shi.

Ranar walima falo ya cika da dangi suna yaba babban talabijin. Abbu ya wuce su bai waiwaya ba. Ya hau benen da sandarsa, yana hutawa a kowace matakala uku. Da ya isa, ya kamo hannun 'yarsa, awarwaron gilashi suna ƙara, ya ɗora shi cikin na Sarmad.

"Ɗakin ƙarami ne, amma naku ne. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. In ya ba ku 'ya mace, kada ku bari a yi mata ciniki."

"Amin, Abbu," suka ce.

Daga ƙasa wani ya ƙara muryar talabijin, dangi suka kaure da shewa.