An Ce Sagir Ya Karye

Ranar da Sagir ya fara aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, da faɗa suka gaisa da Badi'a, wata ma'aikaciyar kamfanin. Ya shigo ofishin kuɗi da waya biyu a hannu, yana ɗaga murya kamar har yanzu yana bakin teburinsa na canji a Wapa.

"Malam, nan ba kasuwa ba ce," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "In dala ka zo sayarwa, ga ƙofa can."

"Nazarin kuɗi aka ɗauke ni in yi, Hajiya."

"To a yi shi da baki a rufe."

Kai, Badi'a akwai baki! Shi kuwa ihun ciniki ne ya ishe shi. Ya yi karatu, ya bar wa ƙaninsa tebur, ya zaɓi ya zauna yana duba wa kamfani lokacin da ya dace a sayi kaya da lokacin da ya dace a dakata. Kafin damina ta wuce faɗan nasu ya koma hira, tana ce masa Ɗan Wapa, yana ce mata Gimbiya.

Da ya tura magabatansa, mahaifinta Alhaji Lawan, dillalin fata a Challawa, ya sa a yi bincike. Masu binciken suka nufi Wapa, suka faɗa hannun Mustapha, ɗan canjin da ya taɓa neman Badi'a ta kore shi.

"Sagir? Ai ya bar kasuwa," in ji Mustapha. "Allah dai ya rufa mana asiri."

Shi ke nan, Mustapha ya gama da Sagir. A wurin ɗan kasuwar Kano, babu mai barin tebur da ƙafarsa sai wanda ya karye.

Saƙon Badi'a ya shigo wayar Sagir: "Ashe karyewa ka yi ka ɓoye min? Talauci ba ya ba ni tsoro, ƙarya na tsana. Kada ka sake kira na."

Ya rubuta: "Wallahi ban karye ba, Gimbiya. Gajiya na yi." Ba ta amsa ba. A ofis ma bango ta koma kallo. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Sai Alhaji Lawan ya kira shi rumfarsa, a gaban abokansa dillalai.

"Ba na ba mai jiran ƙarshen wata 'yata. Amma mu ba ma barin ɗan kasuwa a ƙasa." Ya turo masa wata jaka da ƙafa. "Ga jari. Ka koma Wapa in ɗaura muku aure."

Sagir ya kalli jakar. Ga auren Badi'a nan, hannu kawai zai miƙa. Ya durƙusa, ya mayar da jakar da hannu biyu.

"Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ku yi haƙuri. In na karɓa, na amsa cewa na karye ke nan. Ina son Badi'a kamar raina, amma ba zan shiga gidanku da ƙarya ba."

"Ni za ka mayar wa kyauta a gaban mutane? Tashi ka ba ni wuri, marar kunya!"

Ya fita, ya tabbata ya rasa ta.

Washegari wayarsa ta yi ƙara. "Ɗan Wapa, Baba ya shigo yana ta faɗa. Na tambaye shi, tunda yake kasuwa ya taɓa ganin wanda ya karye ya ƙi jari? Har yanzu bai ba ni amsa ba. Ka yafe min, masoyina."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Mustapha ko leƙowa bai yi ba. Da aka shafa fatiha, Alhaji Lawan ya damƙe hannun angon, fuska a murtuke.

"Har gobe ban gane wannan aiki naka ba, mai taurin kai. Amma ka riƙe min ita yadda ka riƙe maganarka. Allah ya yi muku albarka."