Makirfon da Ya Kashe Umara

La'asar ta yi sakaliya lokacin da wayar Insfekta Abdulmannan ta yi ƙara.

"Yallaɓai, Umara mawaƙi ya faɗi ya mutu a filin wasa," in ji sajansa. "Mutane na neman kashe baƙin."

A daminar bana Haɗeja ta samo sabon abin yayi. Duk Asabar da yamma sai a kafa dandamali a filin ƙwallo, mawaƙan waje su zo su haɗu da na gida. Wannan makon Haruna ne ya zo daga Kano da makaɗansa. Umara kuwa ɗan gari ne, tun daga Auyo har Guri ba a bikin masunta ko na manoman shinkafa babu shi.

Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwaci Haruna suka kai shi caji ofis. Fitar da shi daga gari ba ta taso ba, ruwa ya shanye hanya.

Gawar Umara tana kwance a ƙasa, gaban dandamali, inda ruwan safe ya jiƙa. Babu takalmi a ƙafarsa. Insfekta ya durƙusa ya buɗe tafin hannunsa na dama, ya ga ƙuna, ya ga wata a leɓensa na ƙasa. Ya sa aka naɗe makirfon da wayarsa aka tafi da su.

A ofis ya tarar da Haruna a takure, rigar wasansa a yage. Duk wannan taƙamar da ke jikin fosta ta gudu ta bar shi.

"Wa ya ba Umara makirfon?"

"Ni ne, Yallaɓai. Ya girme ni a waƙa, kuma garinsa ne. Ba zan buɗe baki a gabansa ba sai ya buɗe fili. Da hannu biyu na miƙa masa."

"Kai da ka riƙe, ka ji wani abu?"

"Ban ji komai ba."

"Hannunsa ya ƙone, naka lafiya lau. Shi ya sa suke cewa asiri ka yi masa. Sun rantse gobe daga maƙabarta nan za su wuto. Ka sake tunani."

Haruna ya fashe da kuka. "Na ji yana ɗan fizgata, kaɗan-kaɗan. Na ɗauka danshi ne. Tsoro ya hana ni faɗa, wallahi tsoro ne. Yallaɓai, kar ka bari su shigo."

Insfekta ya dubi ƙafarsa. Takalmi ne mai kaurin roba, kuma a kan busasshen katako ya tsaya.

Da safe ya kwance wayar makirfon. A tsakiyarta an fere roba an haɗa ta da wayar wuta, an rufe da salatif, sannan an ɗaure da zaren koma, ragar kamun kifi. Ya daɗe yana kallon ƙullin. Irin wanda masunta ke yi ne, mutumin Kano ba zai iya shi ba.

'Yan sandansa ba su da yawa, kuma tun yanzu samari sun fara taruwa a tsallaken titi, wasu da gora, wani da jarkar fetur.

Ya aika aka kira Yakaka, 'yar amshin Umara. Ta zo idanunta sun kumbura.

"Me ya sa Umara ya sauka daga dandamali?"

"Haka yake yi kullum. Ba ya waƙa da takalmi, kuma sai ya sauko cikin mutane. Yana cewa ƙafarsa in ba ta taɓa ƙasa ba, waƙar ba ta zuwa."

"Da ya faɗi, me kuka yi?"

"Muka watse. Kowa na ihun asiri, asiri. Sai kiɗa ya ɗauke."

"Wa ya kashe janareta?"

"Ari, ƙanensa. Masunci ne, amma shi ke haɗa mana kayan sauti."

"Kin ji Ari ya ce wani abu?"

"A'a."

"Yakaka, mutum na ciki za a ƙone shi da rai. Kalli taga."

Ta kalla, ta ga jarkar.

"Ya yi ihu," ta ce a hankali. "Ya ce, 'Yaya, kar ka karɓa!' Kiɗa ya yi yawa, ni kaɗai na ji, don ina kusa da shi."

"Kafin Umara ya faɗi ko bayan ya faɗi?"

"Kafin ya miƙa hannu ma."

Bayan an dawo daga jana'iza aka shigo da Ari ta ƙofar baya, da ƙasar kabari a gwiwar wandonsa. Hayaniyar waje ta ƙaru, dutse ya faɗo a kan kwano.

"Allah ya jiƙan yayanka," in ji Insfekta.

"Amin. Ku ba mu wanda ya kashe shi."

"Ka taɓa wayoyin baƙin?"

"Ban ko je kusa ba. Da nasu ma'aikacin suka zo."

"Jiya kowa ya ce asiri ne, kowa ya gudu. Kai kaɗai ka nufi janareta. Wa ya gaya maka wuta ce?"

Ari ya kau da kai.

Insfekta ya ajiye wayar a gabansa, ƙullin zaren yana sama. "Kuma me ya sa ka ce kar ya karɓa?"

Ari ya zame daga kan benci ya zauna a ƙasa.

"Yayana suka mayar ɗan rakiya," ya ce. "A garinsa! Hotonsa a fosta ko tafin hannu bai kai ba. Na ce bari wutar ta ɗan fizgi wancan baƙon, ya yar da makirfo, a yi masa dariya ya koma Kano da kunya. Na san yana da takalmi, ba za ta yi masa illa ba. Ina zan san zai girmama Yaya? Ina zan sani?"

"Ka kwana kana ji ana cewa za a kashe Haruna."

"Na ji tsoro, Yallaɓai."

"To, tashi. Ba za su yarda da bakina ba, sai naka."

Aka sa masa ankwa aka buɗe ƙofar gaba. Taron ya yo ca, sannan ya tsaya cak da ganin wanda aka fito da shi. A gaba akwai wata tsohuwa da mata biyu ke riƙe da ita, Iya, mahaifiyar Ari da Umara.

"Ari? Kai kuma me ka yi musu?"

Ari ya kasa ɗaga kai. "Iya, ku ƙyale baƙon nan. Ni na haɗa wayar."

Mai jarkar ya ajiye ta a hankali ya ja da baya. Iya ta dubi ɗan da ya rage mata.

Sajan ya kama hannun Ari ya sa shi a mota.