Gumin Murfin Tukunya

A can wani zamani, wani bafatake da 'yarsa suna dawowa daga fataucin gishiri, sai salkarsu ta huje a tsakiyar hamada. Rijiyar da suka tarar kuwa ta ruwan zartsi ce, mai ƙara ƙishi. Gishiri dai ba su rasa ba.

Uban, wanda kullum yake ƙorafin miyarta ba gishiri, ya kwanta, leɓɓansa duk sun tsage.

Yarinyar ta tuna gumin murfin tukunya bai taɓa ɗauko gishirin miya ba. Ta zuba ruwan a tukunya, ta ɗora ƙaramin kwano kan dutse a ciki, ta rufe da murfi a birkice don gumin ya ɗiga cikin kwanon, ta hura wuta.

"Buɗe mu gani, 'yar nan."

"Baba, tururin zai gudu."

"Buɗe mana!"

"Baba, tururin zai gudu."

Can sai muryarsa ta ɗauke. Hannunta ya kai kan murfin, sai ta janye hannun ba ta buɗe ba.

Da wuta ta mutu ta buɗe, ga ruwa a kwano. Ta fifita, ta ɗura masa. Ya haɗiye, ya buɗe ido.

"Yau ma ba gishiri," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka."