Muryar Goggo Murja ta Shiga Gari

Yara, ku zauna da kyau ku saurara. Ba na maimaita magana.

Ina da jika mace a Hunkuyi, tana aji shida a firamare. Tana da ƙwaƙwalwa, amma gaggawa ta yi mata yawa.

Yayanta Zainulabidin ya yi karatun kwamfuta a Zariya. Da ya dawo gida, ya ce zai ƙera gem, irin wasan nan da kuke bugawa a waya. A ciki, ɗan acaɓa ne zai ɗauko rake ya kai kasuwa, yana kauce wa ramuka da awaki.

Shekara ta wuce, wata ta bi ta. Gem bai fito ba. Duk sanda ya yi gyara, sai ya ajiye tsohon, ya ci gaba da sabo. Tsofaffin suka taru a kwamfutarsa. Batirin ma ya mutu, ba ya aiki sai an kawo wuta.

Samari suka sa shi gaba. "Injiniya, bana ne ko baɗi?"

Shi dai ya ce, "Yana nan tafe."

Muna da maƙwabciya, Goggo Murja, mai shanya tumatir a bayan gida. Mace ce mai kamun kai. Wata rana Zainu ya roƙe ta ya ɗauki muryarta tana korar akuya, don ya gwada a gem.

Ta ce, "Wa zai ji?"

"Ni kaɗai, Goggo. Gwaji ne."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Akwai wani mai gyaran waya a Makarfi, sunansa Sada. Shi da abokansa suna da sha'awar tara gem. Sun fi son wanda ba a gama ba, wai don ba kowa ke da irinsa ba. Ranar kasuwa ya zo har zaurenmu, ya ce a sayar masa da tsofaffin gem ɗin nan na Zainu. Zainu ya ce a'a.

Jikata tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta ce a ranta, "Tsofaffi ne, ba ya amfani da su. In na sayar, sai in saya masa batiri."

Ba ta tambayi kowa ba. Da Zainu ya tafi masallaci, ta buɗe kwamfutar kamar yadda ya koya mata. Ta kwashe su a memori. Da kasuwa ta zagayo, ta miƙa wa Sada, ta ɓoye kuɗin a jakar makaranta.

Ba a daɗe ba, na ji yara a layi suna ihu suna dariya. "Fita, marar kunya! Gonar ubanki ce?"

Sai ga Goggo Murja ta shigo. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta miƙo mini wayar ɗanta. Na ga wata mata a cikin gem, Zainu bai riga ya zana mata kai ba. Wuya ne kawai da hannuwa, tana tsalle. Muryar Murja ce ke fita daga wuyan.

Ta ce, "Iya, har a gidan suna aka yi mini wannan. Ina shiga, mata suka kwashe da dariya. Zainu, ina alkawarin?"

Zainu ya kasa ɗaga kai. Da ta fita, ya rufe kwamfutar, ya tura ta ƙarƙashin gado.

Ya ce, "Daga wurina muryar ta fita. Na bar gem ke nan. Gobe zan bi Baba shagon hatsi."

Jikata ta fashe da kuka. "Yaya, ni ce. Batiri na so in saya maka."

Ya dube ta, ya fita.

Na ce mata, "Share fuskarki. Kuka bai taɓa gyara komai ba. Wa ya kai?"

"Ni ce, Iya."

"To ke za ki karɓo. Ɗauko kuɗin, ki miƙo mini mayafina."

Muka hau bas zuwa Makarfi. A shagon Sada na samu benci na zauna. Na ce, "Ni rakiya na zo. Yi magana."

Jikata ta matso. Ta ajiye kuɗin a kan tebur. "Malam Sada, ga kuɗinka. Ka ba ni memorina."

Ya yi dariya. "Yarinya, ciniki ya faɗa tuni."

"Abin da na sayar maka ba nawa ba ne. Kuma akwai muryar matar mutane a ciki."

"Je ki gida."

"Ba zan tafi ba."

Ta tsaya a bakin ƙofa. Rana ta take, ba ta motsa ba. Duk wanda ya kawo gyara sai ya tambaya, "Me yarinyar nan ke jira?" Ita kuma sai ta gaya masa gaskiya.

Can Sada ya gaji. Ya ce, "Iya, jikarki taurin kai gare ta."

Na ce, "Ba taurin kai ba ne. Kayan mutane ta zo karɓa."

Ya ciro memorin ya ba ta. Ya goge na kwamfutarsa a gabanmu, ya buga wa abokansa waya su ma su goge. Sannan ya ce, "Amma wanda ya shiga wayoyin yara, ba ni da iko da shi."

A hanya ta ce, "Iya, to ba a gama ba ke nan?"

Na ce, "Da saura. Mai wuyar ma ke gaba."

Ta je gidan Goggo Murja, ta durƙusa. "Goggo, ba Yaya ba ne. Ni ce. Ki yafe mini."

Murja ta juya mata baya.

Washegari da aka tashi makaranta ta koma. Ba a kula ta ba. Sai ta samo kara, ta zauna gadin shanyar tumatir. Kullum haka. In yara sun fara waƙar tsokana, sai ta tare su. "Ni na yi laifin. Ni za ku yi wa dariya, ba Goggo ba." A hankali abin ya gundure su, suka daina.

Ran nan da la'asar Murja ta leƙo. "Ke, ba ki gajiya?"

"Sai kin yafe, Goggo. In ba ki yafe ba, Yaya ba zai ƙara taɓa gem ɗin ba."

Murja ta ce, "Duk wahalar nan da ya sha, zai zubar?"

"Ya ce ya karya miki alkawari."

"Kira mini shi."

Zainu ya zo ya tsuguna. Ta ce, "Na yafe muku, kai da ita. Amma ka je ka gama abin nan. Ka cire zagin akuya. In kana son muryata, zan yi maka tallan tumatir mai kyau. Kuma ka sa wa matar nan kai da ɗankwali, ni ba aljana ba ce."

Har Zainu sai da ya yi dariya.

Ya ciro kwamfutar, ya kakkaɓe ta. Ya bi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ya cire muryar Goggo. Sannan shi da kansa ya kai wa Sada, suka yi ciniki a fili. Ya sayi batiri. Bayan girbi gem ya fito, kuma ƙanwarsa ya fara miƙa wa ta buga.

To kun ji. Kada ku sayar da abin da ba naku ba, ko da taimako kuke nufi. Ku tambayi mai shi tukuna, don shi ya san abin da ke ciki. In kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya, ku tsaya a kai har sai kun gyara.