Tsarabar Lakwaja

Ana gab da kiran magariba, Kadijatu na tuƙa tuwo a tsakar gidanta da ke Ajingi, sai tsakuwa ta faɗo gefen tukunya. Ta ɗaga kai, babu kowa a kan katanga. Ta biyu ta faɗo kusa da ƙafarta. Ta ɗauka, ta ji ta jiƙe sharkaf tana ƙarnin kogi, alhali rabon garin da ruwan sama wata huɗu ke nan.

A ƙofar gida kuwa mijinta Ɗantani na ba maƙwabta labarin da ya ba su jiya da shekaranjiya. Tun da ya shiga wata ƙungiya a Kano, ta masu cika mota su tafi kallon tsaunuka da tsofaffin garuruwan bakin ruwa, kunnen kowa bai huta ba. Wai a Mambila gajimare ya taɓa masa hula. Wai a Lakwaja ya tsaya daidai inda Kwara ta haɗu da Binuwai. Mutumin da ko nan Toranke za a je sai ya yi amai a mota! Hoto ko ɗaya babu, wai waya ce ta mutu. Tsarabarsa kaɗai wani baƙin dutse ne mai sulɓi, da ya girke a kan talabijin. Kadijatu ta gaji da goge masa ƙura. Ranar da dutsen murhunta ɗaya ya fashe, ta ɗauko shi ta cike gurbin.

Kwana uku ana jifa duk faɗuwar rana. A na huɗu 'yarsu Surayya, mai shekara goma sha huɗu, ta ɗauki tulu ta juye a kan wuta, ta zauna cikin tokar. Ba ta ƙara cin abinci ba. Jikinta ya yi sanyi ƙalau, gashinta kullum a jiƙe.

Aka ɗauko Malam Inuwa daga Gaya. Ya iso bayan la'asar, maƙwabta suka cika gidan. Ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu a hankali. Can sai Surayya ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

“Wace mara kunya ce ta ɗora mini tukunya a ka?”

Kadijatu ta juya ta dubi murhunta.

Malam ya ce, “Ki ji tsoron Allah, ki saki yarinyar nan. Ba ita ta taɓa ki ba.”

“Dutsen nan ɗakina ne. Wanda ya ɗauko ni ya mai da ni da hannunsa kafin ranar yau ta faɗi. In ba haka ba, na koma ruwa da yarinyar.”

Kadijatu ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Ina Ajingi, ina Lakwaja? Ga rana har ta sauko kan darbejiya.

Malam ya ce, “Tafiyar da nisa. Ki ba mu kwana uku.”

Muryar ta kece da wata dariya mai ban ƙyama. “Kwana uku? Zuwa ina? Tambayi matafiyin.”

Kowa ya juya ga Ɗantani. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce ai shi ya riga ya faɗa, Lakwaja ne. Nan take Surayya ta fara shaƙewa kamar wadda ake dannawa cikin ruwa, idanunta suka juye.

Kadijatu ta matso dab da mijinta. Rabon da ta ɗaga masa murya har ta manta. Ta ce, “Maigida, dubi 'yarka. A ina ka ɗauko dutsen nan?”

Ya dubi maƙwabtan da suka sha labarinsa, ya dubi 'yarsa, ya sunkuyar da kai.

“Wudil,” in ji shi. “Ƙarƙashin gada.”

Ashe tun kafin a bar Kano sosai ya ɓata wa mutane mota da amai, suka sauke shi a Wudil suka wuce. Mako guda ya yi yana kwana a shagon wani abokinsa. Wani daga baya ya yi tsaki, wani ya ƙunshe dariya. Kadijatu dai ta wuce madafa. Ta zaro dutsen daga murhu, ta naɗe shi a tsumma, ta danƙa masa. Ta haɗa masa da baƙar leda saboda hanya. Aka ɗora shi bayan babur.

Suka zauna suna kallon rana, Malam na ta karatu. Ladan na ɗaga murya, Surayya ta yi atishawa sau uku, zufa ta karyo mata. Ta dubi taron da mamaki, ta ce da muryarta ta kullum, “Umma, yunwa nake ji. Ina Baba?”

Kadijatu ta rungume ta, ta share hawaye da bakin zane.

“Ya tafi Lakwaja,” ta ce. “Yanzu zai dawo.”