Turaren da Aka Haɗa Don Ni Kaɗai

Maigidana ya kawo min turare mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya rantse don ni kaɗai aka haɗa shi. "Ki shafa yau," in ji shi.

Da dare na taso daga aiki ina jiran mota, sai ƙamshin ya buge ni ta baya. Wata mata ce ta matso ƙarƙashin fitilar titi. Raina ya ɓaci. Ashe mu biyu ya saya wa!

"Baiwar Allah, wa ya ba ki turaren nan?"

Ta amsa kamar daga cikin rijiya. "Ban shafa komai ba. Mijinki ya yi min alkawarin ba ni wadda zan ji ƙamshina a jikinta."

Na dubi ƙasa. Mu biyu ne, inuwa ɗaya.